Yatsan Inna a Ranar Zaɓe

Yaya Bitrus,

Gaisuwa cikin sunan Yesu. Ina gajiya, ina aiki? Yaya Maryamu da yara, da sanyin Agadas? Mu nan Madarumfa lafiya lau.

Ka san duk gidanmu mun yi shawara ba mai zaɓen jam'iyyar Alhaji Sale, tunda shi ya ƙwace mana garkar bakin tabki. To, ran Lahadi bayan sujada na ja hannun Inna zuwa lakwal, wato makarantar boko, wurin zaɓen shugaban ƙasa. Saboda idonta, aka bar ni na shiga bayan labule da ita.

Sai ta raɗa mini, "Ɗora yatsana a kan ɗan takarar su Sale."

Na ce, "Inna, garkar Baba fa?"

Ta ce, "Na yi azumi, na saurari maganar kowannensu a rediyo, shi na ji ya fi tausayin talaka. Kullum ina roƙon a gafarta mini kamar yadda nake gafartawa. Yau sai in rama da ƙuri'a?"

Yaya, takardar tana hannuna, ita ba ta gani. Ko ina na dangwala, ba za ta sani ba. Amma sai na ji kamar akwai na uku tare da mu a bayan labulen nan. Na ɗora yatsanta inda ta ce.

Ka gaishe da Maryamu da 'yan'uwa na majami'arku. Ku sa ni a addu'a, don har yau in na wuce garkar nan zuciyata tafasa take. Inna kuwa barcinta take sha.

Ƙanwarka,
Rahila