Azumin Yaya Juwairiyya

Unguwar Kanya, Minjibir
Ƙarshen Sha'aban

Zuwa ga Yaya Aina'u,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Yaya Abdulrashid da ɗanku Abba. Yaya zaman kulle a Rijiyar Zaki? Mu nan alhamdu lillahi, sai zafi.

Na rubuto ne domin wayar Baba kaɗai ce a gidan, kuma kin san in kin kira buɗe muryar yake yi kowa ya ji. Ɗan'auta mai motar albasa, da ake bari ya shiga birni, ya ce zai riƙa kawo miki takardata.

Da kika kawo Yaya Juwairiyya kin ce hutu kawai za ta yi ki dawo ki ɗauke ta. Ga shi an rufe hanya saboda korona, ranar ganin likitanta ma ta wuce. Na yi yadda kika koya mini: in zuba mata a kwanonta daban, in zauna kusa da ita har ta gama, ba faɗa, ba roƙo. Da farko tana ci, ko da a hankali.

Shekaranjiya maƙwabciyarmu ta shigo sayen ƙuli-ƙuli, ta gan ta ita kaɗai da kwano, ga rigar sanyi a jikinta cikin wannan rana. Sai ta ja mayafi ta rufe hanci, ta tambayi Inna ko tsarabar birni aka kawo mana da har aka ware mata kwano. Kafin la'asar babu yaron da aka aiko gidanmu sayen komai. Inna ta ce daga ranar a kwano ɗaya za mu ci mu uku, kamar kowane gida, ba za a ce 'yarta na da annoba ba. Na so in yi mata bayanin anoreksiya, cewa ciwo ne na tsoron abinci kuma ba a ɗauka, amma bakina ya yi nauyi.

Ki gaida Abba.

Ƙanwarki,
Nuriyya

Tsakiyar Ramadan

Yaya Aina'u,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina yi muku barka da shan ruwa. Da fatan tarin Abba ya yi sauƙi.

Na ga amsarki. Na ji Baba yana faɗa miki a waya cewa tana ci sosai, kwano har suɗe shi ake yi. Gaskiya ne ana suɗe shi, amma ni nake suɗewa, tun da ni ce ƙarama. Kin san kowa gabansa yake ci. Ita sai ta gutsuri tuwo, ta juya shi a miya, ta juya, ta tura shi gabana da ɗan yatsa. Idon Inna ba ya gani sosai bayan magariba. Ni kuma na wuni da yunwa, in na ga loma a gabana sai in kai baki. Sai na ƙoshi nake tuna ta wace ce.

Tana azumi, Yaya. Na tuna wa Inna cewa likita ya hana ta, kuma marar lafiya an ɗauke masa. Inna ta kai wa Baba maganar, ya ce mutumin da ke tafiya da ƙafarsa, ba zazzaɓi ba ciwon kai, ba shi zai hana shi ibada ba. Ita ma ta yi kuka, ta ce kada a raba ta da lada. Yanzu matan da suka guje mu sun dawo, su ne masu yaba ta. Suna ce wa 'ya'yansu su dubi Malama Juwairiyya, dabino da ruwa ya ishe ta, ba irin su masu cin ƙosai kamar an aiko su ba.

Na yi mata magana sau ɗaya, muna ɗaki tana koya mini lissafi, don ta ce rufe makaranta ba dalilin zama jaka ba ne. Ta ajiye alli, ta riƙe hannuna, tafinta sanyi kamar randa. Ta ce in bari azumi ya wuce, da Sallah za ta ci har in gaji da gani, ta sa na yi alkawari ba zan faɗa wa Baba ba. Ita ta koya mini rubuta sunana, ban iya ce mata a'a ba. Ke ban yi alkawari a kanki ba, shi ya sa nake faɗa miki. Na san kin nemi hanyar zuwa an dawo da ke. Ki faɗa mini abin da zan yi.

Taki,
Nuriyya

Bayan Sallah

Yaya Aina'u,

Assalamu alaikum. Barka da Sallah, Allah ya maimaita mana. Wannan takardar za ta zo miki tare da Yaya Juwairiyya da Inna, ki karanta ta in kin sami sarari.

Kin rubuto cewa in faɗa wa Baba kome, alkawarin da zai kashe mutum ba a riƙe shi. Na karanta na ce bari dai in ga Sallah. Ranar jajibere na zauna yi mata kitso, gashin na biyo matajin har na ɓoye shi a ƙarƙashin ƙafata don kada ta gani. Ranar Sallah ta ce cikinta bai saba ba tukuna. Washegari ta ɗauki Sitta Shawwal, ta ce daga nan akwai ramuwa.

Jiya bayan ruwan da aka yi muka fita shuka gero. Baba na sara, mu muna zuba iri muna rufewa da ƙafa. Ba mu kai ƙarshen kunya ta biyu ba ta durƙusa, ƙwaryar irin ta kife. Aka ɗauko ta aka kwantar a zaure. Maza suka taru, wani ya ce rana ce, wani ya ce a nemo rubutu. Ta farfaɗo tana cewa ba komai, kada a ba ta ruwa, azumi take.

Ban taɓa magana a zaure gaban baƙin Baba ba. Na tsaya a bakin ƙofa na ce ba rana ba ce. Na faɗi zancen kwano, na faɗi na gashin, na ce tun farkon azumi ni nake cin rabonta. Kowa ya ji, har maƙwabta. Baba ya tashi da kansa ya tafi neman Ɗan'auta. Ita kuwa ta dube ni sau ɗaya ta juya fuskarta bango.

Ƙanwarki,
Nuriyya

Tsakiyar damina

Yaya Aina'u,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku da jinya, ke da Inna. Baba na gaisuwa. Gero ya kai gwiwa, ni nake girki ina kai gona.

Na gode Allah da aka cire wa Yaya Juwairiyya robar abinci ta hanci. Na karanta inda likita ya ce zuciyarta ta taɓu, da wuya ta koma tsayuwa a gaban aji, kuma da an kawo ta tun cikin azumi da ba ta kai haka ba. Kin ce laifin kulle ne, ba nawa ba. Na yarda hanya a rufe take, amma zauren Baba a buɗe yake tun lokacin, kuma abin da na faɗa ranar shuka na san shi tun ranar da kika ce in faɗa.

Inna ta ce a waya Yaya Juwairiyya ta gaida kowa da sunansa, har Ɗan'auta, ban da ni. Ba na jin haushi. Na tona ta a gaban mutane, kuma ko yau ne zan sake, sai dai da wuri.

Abu ɗaya nake roƙo. In ambaton sunana yana ɓata mata rai, kada ki ce ina gaishe ta, musamman lokacin cin abinci. Ke dai ki riƙa rubuto mini abin da ta ci.

Allah ya ba ta lafiya, ya saka miki da alheri.

Ƙanwarku,
Nuriyya