Mai Kwanciya a Akwatin Malam Hiragi

Tokyo, farkon bazara.

Zuwa ga ƙanwata Fusaye,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya ƙafar taki? Ina fata ƙanƙara ta narke a wajenku, kuma 'yarki da maigidanta Masuwo suna lafiya.

Na san kin gani a jarida, Malam Hiragi ya rasu. An cika shafi da yabonsa, cewa shi ya fara rubuta labaran binciken kisa a ƙasar nan, tun ana masa dariya ana cewa gidajenmu na takarda ba su da ɗakin da za a kulle mutum a kashe. Duk gaskiya ne. Sai dai ba wanda ya faɗi yadda yake aiki. Malam bai taɓa rubuta kisan da bai gwada a jikin mutum ba, kuma jikina ne. Ya ɗaure ni a rijiya, ya kwantar da ni ƙarƙashin ƙararrawar ɗakin ibada har kunnena na hagu ya mutu, ya naɗe ni cikin akwatin tufafi yana zaune a kai yana shan shayi. Yakan ƙwanƙwasa ya ce, "Genzo, ka mutu ne ko da saura?" In na amsa sai ya ce, "To gawa ba ta magana." Kin sha yi min faɗa a kan haka. Ni dai na je gidansa ne in koyi rubutu, kullum yana cewa sai na ƙara nuna.

Ranar ƙona gawarsa, da aka zo tsintar ƙasusuwa da tsinke bibbiyu kamar yadda aka saba, na miƙa hannu, sai ɗansa Kiyotaka ya ce, "Tsoho, wannan na dangi da ɗalibai ne." Aka ba ni takalman baƙi in jera.

Yanzu za a mai da gidan wurin tunawa da Malam, har da ɗan ɗakina na baya. An ce in nemi wuri. Fusaye, ba ni da kowa sai ke. Kusurwa ɗaya ta ishe ni, kuma cina bai fi na kyanwa ba. Ki yi wa Masuwo magana.

Yayanki,
Genzo

Tokyo, tsakiyar damina.

Ƙanwata Fusaye,

Ina gaishe ki da ruwa. Yaya jiki, yaya dashen shinkafa?

Saƙonki ya iso. Kada ki yi kuka a kaina. Masuwo ya yi gaskiya da ya ƙi, gidansa ne, kuma bai san ni ba sai a matsayin kawun da bai zo aurensu ba. Ki tuna masa dai a ranar ina cikin rijiya.

Amma an sami mafita. Kiyotaka ya same ni ina ɗaure kayana, ya tsaya yana kallona daga sama har ƙasa, ya ce, "Tsoho, har yanzu kana shiga akwatin nan?" Na ce ban gwada ba tun ina da haƙora. Ya ce in gwada. Gwiwata ta yi ƙara, amma na shiga, har murfin ya rufu. Ya tafa hannu yana kiran matarsa, "Zo ki ga, ashe Baba ya bar mana gado mai numfashi!"

To an bar min ɗakina. Aikina shi ne in kwanta a akwatin daga buɗewa zuwa tashi, da farin gari a fuska da igiya a wuya, kamar gawar da ke littafin Malam na farko. Mai zagayawa da baƙi yakan ɗaga murfin ba zato, mata su yi ihu, maza su yi dariya. Ba na motsi ko kaɗan. Wannan kam na iya shi.

Ki gaida kowa.

Naki,
Genzo

Tokyo, ƙarshen kaka.

Fusaye ƙanwata,

Gaisuwa da fatan kun gama girbi lafiya.

Tari ya kama ni, kuma shi ne matsalar. Ina danne shi iya ƙarfina, amma ran nan ya ƙwace min ana tsakiyar bayani, wasu 'yan jarida suna tsaye. Ɗaya ya ce, "Wannan gawar tana bukatar likita." Aka yi ta dariya. Kiyotaka bai yi ba.

Shekaranjiya ya zo da wani mai ƙera mutum-mutumi na kakin zuma. Mutumin kirki ne, ya yi ta ba ni haƙuri yana auna ƙafata da wuyana, sannan ya shafe min fuska da farar ƙasa don ya ɗauki siffarta, ya sa min kara a hanci in riƙa numfashi. Ina kwance a haka na ji yana tambaya ko a gyara bakin kaɗan. Kiyotaka ya ce, "Bar shi yadda yake, har kunnen. Tarin kawai ba ma so."

Da aka ɓare min ƙasar daga fuska na tambayi Kiyotaka ɗakina fa. Ya ce mutum-mutumin ba ya son danshi, kuma ɗakina ne ya fi bushewa a gidan, can za a riƙa ajiye shi bayan an tashi. Za a kawo shi kafin sanyi ya shigo.

Fusaye, ki sake yi wa Masuwo magana. Ki ce masa ba sai kusurwa ba, ko rumbu ne ya ishe ni. Ki ce masa na iya zama shiru, ba zai san ina gidan ba.

Yayanki mai jiran amsa,
Genzo