Tseren Motocin Gyaɗa

Kankiya, daren Laraba, kakar gyaɗa.

Na gaji. Tun rasuwar maigidana Malam direbobinmu suka mai da hanya filin tsere, kowa na son riga ɗan'uwansa kai gyaɗa sikelin Turawa. Yau wajen garin Mawashi saura ƙiris motarmu ta take wata mai tallar nono. Na tara su a zaure ina faɗa, ashe ɗana na fari ne ya tuƙo.

Ya ce, "Haba Inna, ai ƙwarya ce kawai ta fashe."

Tun haihuwarsa kunya ba ta bar ni na ambaci sunansa ba. Yau na kira shi da shi gaban kowa, na karɓe makullin motar. Ya ƙi cin tuwo, ni ma na kasa, amma gobe ba zai tuƙa ba.