Aljihu Biyu a Rigar Daso

Asabar, 21 ga Maris, 2020
Kwana huɗu da kulle gari saboda annoba, ga mu a ƙasar mutane. Da ni kaɗai ce a gidan nan da tuni na zare, Allah ya haɗa ni zama da Daso. Yau ta kwance fankar falo ta gyara, ta aske kanta tas, ta zo tana buga ƙwallo da bango. Na yi dariya har cikina ya ƙulle.

Laraba, 8 ga Afrilu
Na gano bakin zaren! Na sha karatu a intanet: wando, aski, ƙwallo, duk alamun sun cika. Na ce mata a zuciyarta namiji ce, ta daina ɓoye min, ni wayayyiya ce. Wai ita mace ce mai son wando, in miƙo mata gishiri. Kunya ce kawai. Na laƙaba mata Malam Daso.

Talata, 5 ga Mayu
An sassauta kulle. Na sa takunkumi na garzaya shagunan titin Jalan Tuanku Abdul Rahman, na sayo mana yadin ankon Sallah, shuɗi mai kyan gaske. Na kai wa Anti Saudatu mai ɗinki a unguwar Sri Petaling. Nawa riga da siket, na Daso kaftanin maza, har da hula. Sau biyu Anti tana tambayata ko mai kayan ta sani. Na ce boleh lah, wato ba komai a yaren 'yan ƙasar, Anti, ba-zata zan yi mata.

Lahadi, 17 ga Mayu
Na kwafsa. Dab da shan ruwa Ummanta ta kira ta a bidiyo, zancen dai ɗaya: lalle, jan baki, wa zai auri mai ƙwalƙwal. Na miƙa mata ledar ɗinkinta don ta huce. Ta ɗaga hular, ta daɗe tana kallo, ba ta yi dariya ba.
"Umma na so in zama ke, ke kuma kina so in zama yayana. Zulai, cikinku ba wadda ta taɓa tambayata."
Ta ce bayan Sallah za ta nemi wani ɗaki a unguwar Bukit Jalil. Tsoro nake ji, wallahi.

Litinin, 18 ga Mayu
Ba ƙwallo yau. Gidan ba daɗi.

Laraba, 20 ga Mayu
Bayan shan ruwa na yo mata tapau, wato ƙunshin roti, gurasarsu ta nan, daga shagon abinci na mamak, na tsaya a ƙofarta kamar mai neman aiki. Da ƙyar na ce to me take so. Ta cinye rotin tukuna, 'yar rainin hankali.
"Doguwar riga. Da wando. Da aljihu, manya, irin wanda sukundireba ke shiga."
Aljihu kawai! Da na mayar da kaftanin a gyara, Anti Saudatu ta yi min dariya son ranta kafin ta karɓi kayan.

Lahadi, 24 ga Mayu
Sallah. A falo muka yi komai, mu biyu. Daso ta fito da rigarta da mayafi, aljihun dama sukundireba, na hagu cincin. Ta yi kyau, irin nata. Ummanta ta yi ƙorafin lalle a waya, na tsoma baki na ce, Umma, a bar ta haka, ta fi mu sanin kanta. Ban san daga ina maganar ta fito ba.
Ba ta sake zancen tashi ba. Hular tana kan fanka, tana tare ƙura. Ba wai na yi kuskure ba ne sosai, amma tun Laraba Daso kawai nake ce mata.
Gobe zan kai wa Anti siket ɗina ta sa min aljihu.