Ƙudan Zuma a Kan Turakun Lantarki

Assalamu alaikum Yaya Idi,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Yaya Hajara da yara. Yaya ƙafar, da sauƙi? Mu nan Birnin Gwari sai godiya.

Maganar ɗanka Haruna ce ta sa na rubuto. Kamfanin lantarkin da yake wa aiki zai kashe injin nan mai shan gas, a jawo wuta daga madatsar ruwa. To, hanyar wayar ta ratsa dajin Kamuku, ta kan itatuwan da wani tsohon Bagwari na Kusasu yake rataya amyarsa. Ya roƙa a jira ya kwashe zumarsa tukuna. Injiniya ya ce ba lokaci, aka sare.

Yanzu duk turken da aka kafa a gurbin itatuwan, ƙudan zuma sun lulluɓe shi baƙi ƙirin. Na je da rana tsaka na gani da idona. Ba sa ƙara, ba sa harbi, an yi musu hayaƙi ko gezau. Tsohon kuwa kullum yana zaune a gindin turke.

Ma'aikata sun ƙi hawa. Injiniya ya ce ranar Litinin Haruna ya hau, ko a sallame shi. Na ce ya haƙura da aikin, ya ce sai abin da babansa ya faɗa.

Ka gai da mutanen gida, ku sa Haruna a addu'a, ka kuma hanzarta da amsa. Jiya ya dawo da ƙudan zuma guda ɗaya a kan hularsa, har yanzu ƙudan bai tashi ba.

Ƙaninka,
Lawal