Baƙin Katakon Alƙibla

Brezik, 9 ga Yuni, 1986

Zuwa ga Shefik ɗan Hamdiya kafinta, a birnin Linz.

Assalamu alaikum. Daga Rejeb efendi, babban limamin masallacin Brezik, wanda ya zane ka sau ba adadi a makarantar masallaci, kuma har yau bai ga amfanin dukan ba.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da maiɗakinka Munebera, da yaran nan naka biyu da ba sa amsa sallama sai da Jamusanci. Yaya aikin masana'anta? Yaya tumbi? An ce mini yanzu sai ka riƙe numfashi kafin ka ɗaura takalmi. Mu nan kowa lafiya, in ban da abin da ka jawo.

Fentin da ka aiko ta hannun direban bas ya iso, gwangwani huɗu, tare da umarninka na a mayar da ɗakin mahaifinka fari kafin ku zo hutu, saboda Munebera ta ce in ta shiga ɗakin ji take kamar an sa ta a kabari. An cika umarni. Ɗaki ya yi haske ƙal, ko asibitin Turawa albarka.

Sai dai ka manta wani abu, ko kuwa ba ka taɓa lura ba, tunda ba a san ka da yawan salla a gidan nan ba. Mahaifinka ne ya lulluɓe bangon nan da katako da hannunsa, shekarar da aka haife ka. Gidanku a karkace yake da alƙibla, shi ya sa cikin katakai masu ruwan zuma ya saka guda ɗaya baƙi wuluk. In ya tsaya gefen murhu ya fuskanci baƙin nan, ya daidaita. Yanzu idonsa ba ya rabe komai sai duhu da haske. Fuskar 'yarsa ma ba ya gani, amma yana ganin baƙin katakon.

Ranar da za a fara, ya ce wa ƙanwarka Zumra, "Ku bar mini guda ɗayan nan." Ta ce, "Baba, a bar baƙin layi a tsakiyar farin bango kamar wawulo? Matar Shefik ta zo ta yi mana dariya? Fita ka sha iska." Aka zaunar da shi a tsakar gida da gahawa, kamar baƙon da ake jira ya tafi.

Mai shafa fentin shi ne Ekrem, ɗan marigayi yayanka, shaƙiyyin nan da bai san komai ba sai abin da na cusa masa a masallaci da bulala. Yaro ne kyakkyawa mai basira, wannan dole a faɗa. Baƙin katakon ya yi gardama, sai da ya sha shafi uku kafin ya ɓace. Da aka shigo da tsohon, ya kare idonsa da hannu ya ce, "Wa ya jefa ni cikin dusar ƙanƙara?" Ya bi bango yana shafawa. Amma shi ya fere katakan nan sumul bai ɗaya, ga fenti a kai, yatsunsa ba su gane komai ba.

Zumra ta shimfiɗa masa dadduma daidai, ta ce kada ya ɗaga ta. Dadduma ta zama idonsa. To, a nan shaiɗan ya raɗa wa Ekrem magana. Ranar Litinin ya juya daddumar, ta fuskanci ƙofar banɗaki. Nufinsa salla ɗaya, a yi dariya, a gyara. Tsoho ya kabbara, ya yi ruku'u da sujada cikin natsuwa, har da doguwar addu'a. Ekrem ya toshe baki ya kira Zumra. Ta leƙo, ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce, "Bar shi. Shekara talatin yana gyara mini salla, yau ga malam." Sai aka bar shi. Kwana uku, Shefik.

Ranar Alhamis abokinsa Salko mai niƙa ya zo shan gahawa, ya tarar da shi yana la'asar. Ka san bakin Salko. Bai ko bari ya sallame sallar ba, ya ce, "Hamdiya, yaushe aka mayar da Ka'aba bayan masai? Ko cikinka ne ya ɓaci kake roƙo a kusa?" Kafin magariba duk kasuwa ta ji. Yara suna bin bayan gidan suna kiran "Limamin banɗaki".

Mahaifinka bai zagi kowa ba. Tambaya ɗaya ya yi, "Tun yaushe?" Da aka faɗa masa, ya sa Salko ya daidaita shi, ya rama salla goma sha shida a tsaye da gwiwoyin nan nasa. An gaya masa babu laifi a kansa tunda bai sani ba. Ya ce shi ba fatawa ya nema ba. Washegari ya ɗauko ƙarfen da yake kankare katako da shi, ya dinga karce bango ko'ina yana neman baƙin. Zumra ta ƙwace ƙarfen ta kulle a akwati, tana faɗa wai zai ɓata wa baƙi ɗaki. Tun ranar ya kwashe bargonsa ya koma rumfar aikinsa, yana kwana cikin dusar katako. Abinci sai Salko ya kawo yake ci.

Baffa, na gaji da rawanin liman ɗin nan, ya yi mini nauyi. Ba Rejeb efendi ba ne, bai ma san an rubuta ba. Ekrem ne. Na ari sunansa don na san wasiƙata Inna Munebera ce take fara buɗewa, ta ce shirme ne, ta cusa a murhu.

Jiya Goggo Zumra ta tafi gidan biki, na fasa akwatin, na wuni ina kankare katakon nan har ya fito baƙi kamar da. Na je rumfa na kamo hannun Kaka, na kawo shi gefen murhu, na ce, "Kaka, duba, ga alƙiblarka." Ya daɗe yana kallo. Na san ya gani, don idonsa bai kauce ba. Sai ya ce, "Wa ya yi aikin?" Na ce ni ne. Ya zare hannunsa daga nawa, ya ce, "To ina na san ba wani katakon ka shafa wa baƙi ba?" Ya lalubi ƙofa ya koma rumfa.

Ka zo da wuri, kada ka jira hutu. Wataƙila kai ya yarda da kai. In kuma Inna Munebera tana son ganin farin ɗakinta, ka gaya mata yana nan da baƙin layi a tsakiya, kuma babu kowa a ciki.

Ka gaida yara. Wassalam.

Ɗan yayanka,
Ekrem