Ranar da "ni" ta zama "ke"

Laraba, bayan isha'i.

Yau na fasa kofin shayin Nainai, tsohuwar gidan da aka sauke ni, kofin da take sha da shi tun mijinta na da rai. Ina wanke-wanke ya suɓuce. Ta shigo kicin, ta ga fasassun a ƙasa, ta tambaya da Sinanci wa ya yi.

Tsoro ya kore mini duk karatun Sinanci na wata huɗu. Bakina ya ce, "Ni."

To, a harshensu "ni" na nufin "ke". Tsohuwa ta ɗauka da ita nake. Dama mantuwa na damunta kwanakin nan, sai ta yarda ita ce ta fasa. Ta dubi hannuwanta, ta fara ba ni haƙuri wai ta bar mini aiki. Wallahi da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Na bugi ƙirji ina ta "Wo! Wo!", wato ni. Da ƙyar na fahimtar da ita cewa a garinmu Gummi, in mutum ya ce "ni", kansa yake nufi. Ta yi dariya har da hawaye.

Da za mu ci abinci ta zuba mini ƙwai biyu, irin yadda Inna ke yi in ta huce. Ta dafa ƙirjinta ta ce "ni", ta dafa nawa ta ce "ni".

Alhamdulillahi. Tun da na zo ƙasar ga, yau ce rana ta farko da ban ƙirga kwanakin komawa gida ba.